Ƙwayoyin Furosesa Ba Ƙarfinsu Ɗaya Ba: Abin da Masu Neman Gudun Kyauta Ke Tsallakewa

Tun da farashin kayan kwamfuta ya bi dala ya yi sama, wata magana ta samu gindin zama a tsakanin matasa masu tace finafinai, masu zanen gini da masu wasannin kwamfuta. Wai akwai gudu a ɓoye cikin kowane furosesa wanda kamfani ya danne da gangan, kuma fito da shi bai wuce ka danna Del ko F2 lokacin da na'ura ke tashi ba, ka shiga BIOS, ka sauya lamba ɗaya. Gajerun bidiyoyi a TikTok da YouTube na nuna hakan cikin minti guda: a ɗaga lambar ninki, a zaɓi Sync All Cores domin duk ƙwayoyin furosesan su yi gudu ɗaya, a adana, Windows ta tashi, shi ke nan an ci riba.

Maganar tana da asali. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, furosesan masu ƙaramin ƙarfi mai gudun megahaz 300. Masu ƙwaƙwa suka gano cewa idan aka ɗaga bugun madabod daga 66 zuwa 100, sai ya koma 450, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai tsada. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan ba ko sisi. A 2011 ma Core i5-2500K, wanda aka rubuta masa gigahaz 3.3, yakan kai 4.5 a hannun mutane da yawa. Waɗannan labarai ne ake ta gada har yau, alhali kamfanonin sun daɗe da kwashe wannan rarar suna sayar da ita da kansu. Tun 2008 Intel ta shigo da Turbo Boost, AMD kuma ta zo da Precision Boost tare da Ryzen a 2017. Furosesan yau da kansa yake duba zafinsa da wutar da yake sha da yawan aikin da ke gabansa, ya ɗaga gudu ya sauke sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda ya shiga BIOS ya kafe shi a kan lamba ɗaya, sau tari wannan dabarar ya kashe.

Kuskuren da ya fi damuna a cikin bidiyoyin nan shi ne ɗaukar da ake yi cewa ƙwayoyi takwas da ke cikin furosesa ɗaya duk abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Zanensu ɗaya, a faifan silikon ɗaya aka buga su, amma sassan da ake ƙerawa sun yi ƙanƙantar da ake auna su da nanomita, kuma a wannan mataki babu masana'antar da za ta iya fitar da biliyoyin taransisto ba tare da ɗan bambanci ba. Wata ƙwayar za ta kai gigahaz 5.8 da wuta kaɗan, maƙwabciyarta kuwa sai an ɗura mata wuta kafin ta riƙe 5.5. Kamfanonin sun san da haka, suna gwada kowace ƙwaya tun a masana'anta su rubuta matsayinta a cikin furosesan. Intel ta fara amfani da wannan a fili a 2016 da Turbo Boost Max 3.0, wanda ke tura aiki mai nauyi zuwa ƙwayoyin da suka fi kyau. Manhajar Ryzen Master ta AMD har tauraro take sa wa gwanar ƙwaya. Windows na karanta wannan jeri, ta ba gwanayen aikin da ya fi buƙatar sauri.

Wanda ya taɓa zuwa gayyar noma zai gane abin nan da nan. Samari takwas, kowa da kunyarsa, makaɗi ɗaya. Idan aka ce dole kowa ya sari ƙasa daidai da bugun ganga ɗaya, to makaɗin ba zai wuce abin da mafi rauni zai iya bi ba, sai barden noman ya koma yana jan ƙafa. Idan kuwa aka matsa kiɗan don a burge barde, mai raunin zai fara tsallake ciyawa yana sare shuka kafin ma ya faɗi. Saita ƙwaya ɗaya-ɗaya shi ne a ba kowa kiɗan da ya dace da ƙarfinsa, kuma ba a yin haka sai an zauna an san kowannensu.

A duba Core i9-13900K na 2022. Yana da manyan ƙwayoyi 8 da ƙanana 16. Daga kwali, biyu daga cikin manyan suna iya taɓa gigahaz 5.8 idan aikin ƙwaya ɗaya ko biyu ne kuma zafi bai yi yawa ba. Mai bin bidiyo ya zo ya kafe duka takwas a kan 55, wato 55 sau megahaz 100, gigahaz 5.5. A ganinsa ya ƙara gudu. A gaskiya ya yanke wa gwanayen biyu megahaz 300, kuma buɗe manhaja, lilo a intanet, da wasanni da yawa duk sun fi dogara ne da saurin ƙwaya ɗaya ko biyu, ba taron dangi ba.

Sai batun wuta, wanda shi ne ainihin kuɗin da ake biya. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tafiya daidai da gudu, amma ga boltej ninkin kansa yake bi. A ɗauka an ɗaga gudu daga gigahaz 5.0 zuwa 5.3, kuma don ya tsaya da ƙafarsa an ɗaga boltej daga 1.25 zuwa 1.40. Gudun ya ƙaru da kashi 6 cikin ɗari, zafin kuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne a yawancin furosesocin tebur, manyan ƙwayoyin daga layin wuta ɗaya suke sha. Idan ɗaya mai rauni ta nemi bolt 1.40, sauran ma shi za su sha ko ba sa buƙata. Zafi ya taru, furosesa ya kai iyakarsa, digiri 100 a yawancin na Intel, 95 a Ryzen 7000, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mutum ya wayi gari da na'urar da fankarta ke kuka kamar za ta tashi sama, aikin kuma ba ya saurin da yake yi jiya.

To yaya ake yin na ƙwaya-ƙwaya? A allunan madabod na Intel akwai saiti biyu da ake yawan rikitawa. Na farko yana duba yawan ƙwayoyin da ke aiki ne: idan biyu ke aiki a ba su ninki kaza, idan takwas ne a sauko zuwa kaza. Bai damu da wace ce wace ba. Na biyun shi ne yake kiran kowace ƙwaya da lambarta, ya sa mata iyakar da ba za ta wuce ba. Da shi ne ake barin gwanaye su hau, a riƙe masu rauni a ƙasa don kada su ja wa kowa boltej. Wannan duka sai furosesan mai harafin K ne, madabod ɗin kuma na jerin Z.

AMD ta bi wata hanya, wadda a ganina ta fi nuna inda ribar take a yau. A ƙarshen 2020, tare da Ryzen 5000, ta shigo da Curve Optimizer a ƙarƙashin Precision Boost Overdrive. A nan ba gudu kake rubutawa ba. Kowace ƙwaya kana ba ta lamba ce, har zuwa 30 sama ko ƙasa a wancan zubin, kowane mataki kuma yana rage ko ƙara milibolt 3 zuwa 5. Kusan kowa ƙasa yake yi. Idan ƙwaya ta yi aikinta da wuta kaɗan, zafi ya ragu, furosesan ya ga yana da sarari, sai ya ɗaga gudu da kansa. Wato hanyar ƙarin gudu ta koma rage wuta, akasin abin da aka saba ji. Akwai kuma abin da ke ba sababbin shiga mamaki: ƙwayoyin da aka sa wa tauraro su ne sau da yawa ba sa jure ragi mai yawa, domin kamfani ya riga ya kai su kusa da bakin iyakarsu. Wanda ya rubuta ragin 30 ga kowa don ya ga wani ya yi a bidiyo, ya koma kan kuskuren farko ne ta wata ƙofar.

Tashin Windows ba shaida ba ce cewa saitin ya zauna. Kammala gwajin Cinebench sau ɗaya ma ba shaida ba ce. Gwajin da ke ɗora wa duk ƙwayoyi kaya lokaci guda yana sa gudu ya sauka, don haka bai taɓa inda matsalar take ba. Ƙwayar da aka rage wa wuta fiye da kima ta fi tuntuɓe ne lokacin da take ita kaɗai a ƙololuwar gudu, ko lokacin da na'ura ke zaune ba ta komai sai aiki ya faɗo mata kwatsam. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ta yi awa biyu tana fitar da fim lafiya lau, sannan ta mutu ta tashi da kanta ana cikin karanta wasiƙa. Masu yin abin da gaske suna amfani da Prime95 ko OCCT ko CoreCycler su bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, suna duba zafi da HWiNFO, suna leƙa rajistar Windows ko akwai kurakuran WHEA. Su sauya lamba ɗaya, su rubuta a takarda, su sake gwadawa. Aikin kwanaki ne. Kuma mafi munin kuskure shi ne wanda ba ya kashe na'ura: lissafi ya karkace shiru, fayil ya lalace, ba a sani ba sai ranar da mai biki ya zo karɓar bidiyonsa.

Lambobin da ake kwafowa daga masu gwajin Turai da Amurka an same su ne a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 20 zuwa 25 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu na haura 40, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma zai ƙara shi. Saitin da ya zauna daram da sanyin Janairu yana iya watsewa da bazara. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka da raga. Ga yawancin injinan da ke shagunan tace finafinai, busa ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi za su dawo da gudun da ya fi wanda BIOS zai bayar.

Ba masu amfani kaɗai ke da ganganci ba. A Afrilun 2023 wasu furosesocin Ryzen 7000X3D sun ƙone har da soket ɗinsu saboda boltej ɗin da wasu allunan ke turawa wani sashensu ya yi yawa, sai da AMD ta kafa iyakar bolt 1.3 ga wannan sashe. A 2024 kuma aka yi ta kuka da Intel zubi na 13 da na 14, wasanni na rufewa, na'urori na faɗuwa. Bincike ya nuna allunan kamfanoni da dama suna fitowa daga kwali da iyakar wuta a buɗe, wasu an rubuta wat 4096, alhali abin da Intel ta rubuta wa i9-13900K shi ne 253. Daga baya Intel ta amsa cewa umarnin cikin furosesan nata ma yana neman boltej fiye da kima, abin da ke tsufar da wani sashen ƙwayar har ta kasa aiki da wutar da ta saba. Ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a Agusta wanda ya hana neman sama da bolt 1.55, ta bi shi da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa ci gaba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Mutanen da abin ya shafa da yawansu ba su taɓa shiga BIOS ba. Gasar a ga allon wa ya fi lamba a teburin masu gwaji ce ta sa aka matsa wa na'urorinsu ba da saninsu ba, daga kamfanonin da ke rubuta cewa wuce ƙa'ida na iya soke garanti. Wannan bai dace ba, kuma an daɗe ana yi kafin a yi magana.

Mafi yawan masu karanta wannan ma ba za su sami waɗannan saituna ba. Laftof na ofis irin su EliteBook, Latitude da ThinkPad, da kwamfutocin tebur na ofis da ake shigowa da su na hannu, BIOS ɗinsu a kulle yake ta wannan fuska, kuma tsarin sanyaya su ba a yi shi don ƙarin zafi ba. Duk wanda ya ce zai buɗe maka shi da wani fayil da ya sauko da shi daga intanet, madabod ɗinka yake caca da shi.

Wanda kuwa yake da na'urar da ta dace kuma ya ƙudura, ya fara sanin yadda ake mayar da BIOS yadda ya zo, ta maɓallin Clear CMOS ko cire ƙaramin batirin CR2032 na 'yan mintuna, domin akwai ranar da allon zai ƙi kawo hoto. Ya kwafe ayyukansa a wani faifan kafin ya taɓa komai. Mai Intel zubi na 13 ko na 14 ya sabunta BIOS ya zaɓi Intel Default Settings tun kafin ya yi tunanin ƙari, kuma kada ya fara sabuntawar sai na'urar tana kan UPS ko inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod. Mai shirin sayen irin waɗannan furosesoci na hannu kuma ya tuna cewa taɓuwar ba ta nunawa a ido, garantin da aka ƙara ma da wuya ya amfani wanda ba shi da rasit, don haka ya nemi a bar shi ya gwada kowace ƙwaya na wasu awanni kafin ya biya.