Tilas Ko Ganin Dama? Gardamar Ƙa'idar Rubutun Manhaja

Duk akawun da ya taɓa gadon fayil daga hannun wanda aka yi wa canji ya san wahalar karanta rubutun da ba tsari. To, irin wannan damuwa ce ta jawo gardama tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta.

Akwai wata manhaja, WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, da ita ake gina shafukan intanet masu yawan gaske. Tun 2004 aka buɗe wa jama'a hanyar rubuta mata ƙari, watau 'yan ƙananan manhajoji da ake jona mata don su yi aikin da ita ba ta yi. Yanzu ƙarin da ke cikin rumbunta ya haura 50,000, galibin marubutansu kuwa ba ita ta ɗauke su aiki ba.

Manhajar nan tana da ƙa'idar rubutu: inda za a bar fili, da yadda za a jera layi, da yadda za a raɗa suna. Mai gyara uwar manhajar lalle ne ya bi. Amma mai kawo ƙari ba a korarsa saboda fili. Abin da masu tsaron rumbun ke tsanantawa dabam ne. Kada a dagula rubutu don a ɓoye aikinsa, kada a karɓi abin da baƙo ya shigar sai an tace, kuma kowa ya sa wa sunayensa alamar kansa, domin in ƙari biyu suka yi karo a suna ɗaya, sai shafin duka ya tsaya cik.

A ganinmu wannan rabo daidai ne. Mutumin da ya ba da aikinsa kyauta, in aka dame shi da maganar fili, kwashe kayansa zai yi.

Sai dai iyakar ba ta fito sarai ba. A 2014 aka gano kuskure cikin manhajar tsaro ta kamfanin Apple: layi ɗaya ne aka maimaita a ƙarƙashin wani sharaɗi da ba a killace da baka ba, shi ke nan na'ura ta riƙa tsallake binciken sa hannun shafuka. Ƙa'idar WordPress kuwa ta ce a riƙa sa bakan nan kullum, ko da umurnin layi ɗaya ne. Mai kallo ya ce ado ne. Mu dai da za a tambaye mu, wannan ɗaya cikin na tilas za mu sa ta.