Binciken ilimin halittu a yankin noman rani na Kura da Bunkure

Binciken ilimin halittu a yankin noman rani na Kura da Bunkure shi ne nazarin da malaman jami'a da ɗaliban digiri na biyu da na uku suke yi a kan sauro, dodon koɗi, ƙwari, ciyayi da amfanin gona a filayen Shirin Noman Rani na Kogin Kano, a Jihar Kano, Najeriya. Shirin ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, Garun Malam da Bunkure. Abin da ke jawo masu bincike wurin shi ne ruwa: ƙasar da a da take bushewa fiye da rabin shekara yanzu tana da ruwa kusan kullum, kuma hakan ya canza halittun da ke rayuwa a cikinta da yadda suke hayayyafa.

Tarihi

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga can ake sako ruwa ta babbar magudana zuwa ƙananan magudanai da ke shiga gonaki. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shirin, kuma an tsara kashi na farko ya kai kimanin hekta 22,000. Ana noma shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, tana da tashar gwaji a Kadawa, cikin yankin. Ɗalibai kuma suna zuwa daga Jami'ar Bayero Kano, har da Cibiyarta ta Noma a Busassun Ƙasashe, da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil.

Sauro da sauyin halitta

A fannin sauro aka fi ganin yadda halitta take sauyawa cikin ɗan lokaci. Gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinta wuri ne da sauron Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, yake son zuba ƙwai. A wasu wuraren sauro yana raguwa sosai da rani. A nan kuwa ba ya rasa wurin ƙyanƙyasa.

Nazarin sauro a wannan shiyya ya daɗe. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Masanin Italiya Mario Coluzzi ya yi aiki a kan sauron Najeriya a waɗannan shekarun, ya nuna cewa abin da ake ɗauka iri ɗaya ne yana da bambance-bambance a tsarin gadonsa, kuma wasu siffofin sun fi yawa a inda ƙasa ta fi bushewa. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikin nau'o'in suna Anopheles coluzzii don tunawa da shi. Nau'i ne da aka sani da son ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Bayero da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila suka wallafa a 2014 ya gwada sauro daga Bunkure da Auyo. Sun tarar da cewa Anopheles coluzzii ya fi yawa, kuma yana jure wa DDT da magungunan dangin pairetroid, waɗanda su ne ake sa wa gidan sauro. Sun kuma sami wani sauyi a ƙwayar gado da ake kira L1014F a jikin sauro da yawa. Wannan sauyi yana ɗan canza ƙofar da maganin ke bi ya kama jijiyar ƙwaro, don haka maganin ba ya kama shi yadda ya kamata.

Yadda hakan ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. In aka yi feshi, sauron da ba shi da sauyin ya mutu, mai shi ya tsira ya haifi 'ya'ya masu irinsa. Tunda sauro yana iya girma daga ƙwai zuwa mai tashi cikin kwana goma ko makamancin haka, zuriya da yawa suna wucewa a shekara ɗaya. Masana da dama suna ganin maganin ƙwari da ake fesa wa shinkafa da tumatir yana da hannu, domin yana gangarawa cikin ruwan da tsutsar sauro take, kuma wasu daga cikin magungunan gona dangi ɗaya suke da na gidan sauro.

Ɗalibin da ke wannan aiki yakan ɗebo tsutsar sauro da ludayi, ya rene ta a ɗakin gwaji, sannan ya saka matan da suka kwana 3 zuwa 5 a cikin bututu mai takarda da aka jiƙa da magani na tsawon awa ɗaya. Bayan awa 24 sai a ƙirga matattu. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, an tabbatar sauron yana jure wa maganin.

Tsargiya da muhallin magudanai

Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce mai suna Schistosoma haematobium ke kawo ta. Tsutsar ba ta iya wucewa daga mutum zuwa mutum sai ta bi ta jikin dodon koɗi na dangin Bulinus. Ƙwanta yana fita a fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi ya ninku, sannan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Wata 'yar'uwarta, Schistosoma mansoni, tana kama hanji, ita kuma ta jikin Biomphalaria take bi.

Masu nazarin muhalli suna duba inda dodon koɗi ya fi taruwa, wato ƙananan magudanai masu ruwa a hankali da ciyawa a gefe, da kuma inda yara ke wanka, mata ke wanki. Ciyawar kachala, wadda ke toshe magudanai, tana ƙara rage gudun ruwa. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar a jikin mutum amma ba ya hana sake kamuwa, shi ya sa ƙidayar dodon koɗi wata-wata take da amfani kamar gwajin fitsarin 'yan makaranta.

Sharon da girman ƙwari

A 2016 wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai suna Tuta absoluta ya cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsayar da aiki. Asalinsa Kudancin Amurka ne, ya shiga Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Jaridun Turanci sun kira shi ebolar tumatir, manoma kuwa sharon suke ce masa, kuma mai binciken da ya je gona da sunan Latin kaɗai ba zai sami wanda zai nuna masa shi ba.

Nazarin girmansa shi ya bayyana dalilin da ya sa feshi ba ya yi masa komai sau da yawa. Macen tana iya zuba ƙwai fiye da 200. Tsutsar tana shiga cikin ganye ko cikin ɗan tumatir, inda magani ba ya kai wa gare ta, ta wuce matakai huɗu kafin ta zama mai tashi. Da zafi duk wannan ba ya wuce wata ɗaya. Ana gwada tarko mai ƙamshin macen don kama maza da gane lokacin da suka fara yawa.

A kan alkama kuma tambayar ita ce zafi. Ana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi fure cikin sanyin hunturu. In an makara, zafin Maris yana kama ta tana cika ido, ƙwayar ta motse.

Matsaloli

Digiri na biyu yakan ba ɗalibi kakar noma ɗaya ko biyu ne kawai a fili, alhali sauyin sauro ko yawan dodon koɗi abu ne da sai an bi shi shekaru kafin a ga inda ya dosa. Gwajin ƙwayoyin gado yana da tsada, yana kuma buƙatar wuta mai ɗorewa da firiji, don haka wasu samfurorin sai an tura su ƙasar waje. Kundaye da yawa suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'i ba a buga su ba, kuma da Turanci aka rubuta su, harshen da yawancin manoman da aka ɗebi samfuri a gonakinsu ba su karantawa.