Kwamfutar Da Ba Ta Bukatar Sabis: Waiwaye Daga Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To amma wani lokaci tuna baya yakan zama magani. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa na shekarun 1980, don mu ga ko suna da darasi ga yaranmu na kudancin Jihar Katsina.

Yadda Suke

A shekarar 1982 aka fito da ZX Spectrum a Ingila, da kuma Commodore 64 a Amurka. Ba su zo da allon kallo ba, sai dai a jona su da talabijin ɗin gida. Ma'ajiyarsu kuwa kaset ce, irin wadda ake ɗaukar waƙa ko wa'azi a cikinta. Mutum yakan zauna minti uku ko biyar yana sauraren ƙarar rikoda kafin shiri ɗaya ya shiga, in kuwa aka ɗauke wuta, sai a koma farko. Ƙwaƙwalwar Commodore 64 kilobait 64 ce kacal. Wayar hannu mai gigabait 4 ta ninka ta fiye da sau dubu sittin.

Sai dai suna da wata baiwa. Da zarar an kunna, ba hoto ba kiɗa, sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran umurni cikin harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a 1964 domin 'yan koyo. Wato na'urar ba ta yi maka komai sai ka koya mata. Da layi goma yaro zai sa ta lissafa masa ribar buhun masara, ko yawan takin da gona ke ci. In ya yi kuskure ta ƙi, ya koma ya bi tunaninsa daki-daki har ya gano inda ya kauce.

A Ƙasarmu

Waɗannan na'urori ba su yawaita a karkara ba, saboda tsada da rashin lantarki. Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, amma ɗalibi daga Faskari ko Sabuwa galibi sai ya shiga birni, ko ya isa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya taɓa ta da hannunsa. Duk da haka an sami masu ƙwazo. A shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara wa kwamfuta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin a rubuta Hausa daidai.

Darasi

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Cikin dare ɗaya wayoyi masu tsada suka koma tocila da rediyo a hannun masu su. Ba ƙarfi wayoyin suka rasa ba; mu ne ba mu iya ba su umurni ba.

Koyon tsara shiri ba ya bukatar sabis. A 2012 wasu masana daga Jami'ar Kambirij suka fito da Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman katin banki, musamman don farfaɗo da wancan tsohon salon koyo. Ita da ƙaramin faifan sola da allo sun isa a kafa ƙungiyar kwamfuta a makaranta, kuma harsuna irin su Python da Scratch suna aiki ba tare da intanet ba.

Don haka muna kira ga malaman lissafi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da su fara, ko da da na'ura ɗaya ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.