Takalman birki

Tsofaffin Land Rover suna da birkin ganga. Cikin kowace ƙafa akwai gangar ƙarfe da takalma 2 masu siffar jinjirin wata. In direba ya taka birki, sai takalman su buɗe, su matse ganga, mota ta tsaya.

Rairayi yana cinye su. In sun suɗe, makanike ya ɗaga mota, ya tokare ta, ya cire taya da ganga. Ba ya hura ƙurar ciki, don tana ɓata huhu. Ya fidda tsofaffin takalma, ya sa sababbi, ya daidaita su.

Hagu da dama tare ake sakewa. In an sake gefe guda kaɗai, birki yana fizgar mota, har ta bar hanya.