Bayan An Kwashe Kwal, Wa Zai Duba Ƙasar Da Aka Bari?

Daga Wakilinmu

A Anu Araren, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a buɗaɗɗen rami, wato ana yaye ƙasar sama har a tarar da ma'adinin. Tun 1981 ake ƙona kwal ɗin don samar da wutar lantarki ga yankin.

Irin wannan haƙa takan bar tudun baraguzai da toka, kuma inda ruwan sama ya yi ƙaranci ƙasa ba ta warkewa da kanta. Farar wutar da ke cikin baraguzan, idan ta gamu da iska da ruwa, sai ta zama ruwa mai tsami wanda ke kashe tsiro, ya kuma gurɓata rijiyoyi.

Saboda haka ne masana ke cewa dashen itatuwa somin-taɓi ne, ainihin aikin shi ne bin sawu shekara da shekaru. Akan tara ƙasar sama waje ɗaya a mayar da ita bayan an cike rami, a dasa bagaruwa da aduwa da gamba, sa'an nan a ƙidaya abin da ya rayu a ƙarshen kowane rani, ba da damina ba. Akan auna tsami da gishirin ƙasa da na ruwan rijiya, a kuma gwada hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972, don ganin ko kore na ƙaruwa.

Ba a san Gwandu da Kalgo da haƙar kwal ba, amma fa darasin ya shafe su, domin ramukan marmara da yashi da ake bari bayan aikin hanya ko gini suna cin gonaki, kuma shimfiɗar dutsen da masana suka raɗa wa sunan Gwandu ita ce ke riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatse na yankin ke zuƙa.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara ƙasar da ya ɓata. Abin da ya rage shi ne hukumomi su haɗa kai da hakimai da dagatai, a ƙidaya ramukan, a sa ranar komawa a duba, domin rigakafi ya fi magani.