Zauren Kakana Da Kyamarar Da Ta Yi Masa Ƙazafi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma na daɗe ina riƙe da wannan magana hannu bibbiyu, har zuwa kakar shekarar 2022, ranar da wani tsohon magini a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta ya ƙura wa wani hoto ido, ya jima bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini abina ya ce, "Ɗana, wannan ba ginin ubana ba ne."

Hoton zauren gidanmu ne, wanda mahaifin wannan dattijo ya gina wa kakana da tubali da azara tun kafin a haifi mahaifina. Daminar wannan shekara ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Kano da Jigawa, ta kuma tsaga kusurwar gabas ta zauren, har dangi suka fara maganar a rushe shi a sa bulo da kwano. Ni kuwa na ce kafin a kai ga haka bari in ajiye kamanninsa. Lungun ƙofar gidan matsattse ne, ba wurin ja da baya, don haka na ɗaura wa kyamarata ido mai faɗin gani, na ɗaga bakinta sama domin zankwaye su shiga. Abin da ya fito shi ne zaure mai faɗin gindi da tsukakken kai, ya jingina baya kamar mai shirin faɗuwa.

Na ce, "Baba, ai haka kyamara take yi." Ya ce, "To kyamararka ta yi wa mamaci ƙazafi."

Gaskiyarsa. Katangar ƙasa dama da gangan ake yi mata kauri a gindi ta riƙa sirancewa tana hawa, kuma gwargwadon wannan sirancewa shi ne gwanintar magini, da shi ake bambanta hannun wane da na wane. Kyamarata ta ɗora nata tsukewar a kan ta maginin, ta yadda wanda zai ga hoton nan da shekara hamsin ba shi da hanyar raba aikin tubali da ƙaryar gilashi.

Mai karatu zai iya cewa mene ne abin ɓata shafin jarida a kan zaure guda. Amsata ita ce ba zaure kaɗai ba ne. Wannan ƙasa tamu da ta tashi daga Ungogo da Minjibir, ta bi Dawakin Tofa da Bichi har Makoɗa da Kunci, tana cikin wuraren da masana suka fi nazari a Afirka ta Yamma saboda cunkoson jama'a a kan gona. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya fitar da rahoto a kanta tare da abokin aikinsa tun 1965, ya kuma ci gaba da bibiyarta har kusan rasuwarsa a 2017. Abin da ya ba su mamaki shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa a mangala daga birni da garke, amma ƙasar ba ta mutu ba, kuma manomi bai sare gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke tsakiyar gonarsa ba. Sun dogara ƙwarai da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama wajen ganin haka. To amma jirgi daga sama yake kallo. Ba ya nuna tsayin rumbu, ba ya nuna fuskar soro, ba ya nuna yadda gamba ke raba gonar wa da ta ƙani. Wannan aikin na wanda ke tsaye a ƙasa ne, kuma a yau da filoti ke cin gonakin Ungogo da gefen Dawanau, lokacin yinsa ƙurewa yake yi.

Dokar abin mai sauƙi ce. Muddin allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda masu sana'ar ke kira sensa, yana tsaye cak daidai da bangon da ake ɗauka, layukan tsaye za su fito a tsaye. Da zarar an ɗaga bakin kyamara, sai su fara haɗuwa a sama. Maganin shi ne a bar kyamara a miƙe, a gusa idon shi kaɗai sama. Kowane idon kyamara da'irar haske yake jefawa a bayansa, sensa kuwa mai kusurwa huɗu ce. A ɗauka inuwar bishiya ce da tabarma: in inuwar ta fi tabarmar faɗi, za a iya jan tabarmar gaba ko baya ba tare da rana ta taɓa mai zaune ba, in kuwa daidai da daidai suke, taku ɗaya ya isa gefe ya fita.

Ba sabon ilimi ba ne. Tsofaffin kyamarorin akwati, irin waɗanda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, da yawansu suna iya wannan. Da ƙananan kyamarori suka zo sai aka rasa shi, har kamfanin Nikon ya fitar da ido mai gusawa na milimita 35 a farkon shekarun 1960, Canon kuma ya fitar da wanda ke gusawa yana kuma sunkuyawa a 1973. Na Canon mai milimita 17 da ya fito a 2009 ya haura dala 2,000 a lokacin fitowarsa. Wane malamin makaranta ne a Kano zai tunkari wannan?

Abin da ya buɗe wa irina ƙofa shi ne cire madubi daga cikin kyamara, wanda Panasonic ya fara a 2008, Sony ya biyo baya a 2010, Nikon da Canon kuma suka shigo da manyan nasu a 2018. A tsohuwar kyamarar Nikon mai madubi, tazarar da ke tsakanin mazaunin ido da fim milimita 46.5 ce, a ta Canon 44. A kyamarar Sony marar madubi kuwa 18 ce kacal. Ke nan in za a ɗaura tsohon idon Nikon a kan Sony, dole a cike giɓin milimita 28.5 da wani zoben ƙarfe, wato adafta. Sai masu dabara suka ce tunda ga fili ya samu, me zai hana a sa wa zoben layin zamewa da maƙalar sunkuyawa? Kamfanoni irin su Kipon da Fotodiox suna ƙera su, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na wancan ido ba.

Amma a nan ne gizo ke saƙar, musamman ga mai son faɗin gani. Idon da aka yi wa fim na milimita 36 da 24 da'irarsa ba ta wuce milimita 43 da ɗoriya ba sosai. In aka ɗaura shi a kan sensa mai wannan girma, inuwa da tabarma sun zo daidai, gusawa kaɗan sai kusurwoyi su yi baƙi. Sai dai a ɗaura shi a kan ƙaramar sensa, mai kusan milimita 24 da 16, inda za a sami sararin gusawa na kimanin milimita 10. To amma ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take ɗiba, sai ido mai milimita 20 ya koma yana gani kamar mai 30. Ka sayi faɗi, an ba ka saura. Mai babbar sensa kuwa sai ya nemi idanun manyan kyamarorin fim na da, irin Mamiya 645 da Pentax 645, waɗanda da'irarsu ta kai wajen milimita 70, amma a cikinsu mai faɗin da aka fi samu shi ne na milimita 35. Duk ta inda aka bi, akwai abin da za a bari.

Ni ƙaramar sensa gare ni, don haka na nemi tsohon idon Nikon mai milimita 20 na hannu, irin wanda ke da zoben buɗe ƙofar haske a jikinsa. Wannan sharaɗi ne babba, domin galibin waɗannan adaftoci ƙarfe ne zalla, ba wayar lantarki a cikinsu, kuma idanun Canon na zamanin EF da lantarki ake tsuke ƙofarsu. Adaftar farko da na yi oda ta intanet, bayan makonni ina jira, ta zo da kauri fiye da ƙa'ida, ta yadda duk abin da ya yi nisa ba ya fitowa tas. Ido mai faɗin gani ba ya yafe irin wannan kuskure, ko da bai kai kaurin farce ba. Mai sayarwar bai amsa saƙona ba har yau. Ta biyu ce ta yi.

Da ita na koma lungun a watan Disamba. Na kafa ƙafa uku, na daidaita kyamara da ɗan ma'aunin ruwa irin na birkiloli, na tsuke ƙofar haske zuwa 11, na murɗa ido sama milimita 8. Ƙasar lungun ta fice daga hoton, zankwaye suka sauko ciki, bango ya tsaya da sirancewarsa ta asali.

Sunkuyar da ido wani babi ne daban, kuma a gona na ga amfaninsa. Kyamara a bisa al'ada tana fitar da abin da ke kan tazara ɗaya tas, na gaba da na baya su dushe. In aka sunkuyar da ido, sai wannan shimfiɗar ta kwanta, ta bi doron ƙasa daga ƙafarka har bakin gona. Ana danganta ƙa'idar ga Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904 yana neman hanyar gyara hotunan sama domin zana taswira, ko da yake shi da kansa ya ambaci Bafaranshe Jules Carpentier da ya riga shi a 1901. Lissafin ya nuna cewa ido mai milimita 20 da ke bisa ƙafa uku a tsayin mita 1.2 bai buƙaci sunkuyawar da ta kai digiri ɗaya cikakke ba. Sai an sauko da shi zuwa rabin mita ne za a nemi digiri biyu da ɗan kai. Adaftar kuwa tana sunkuyawa har digiri takwas ko goma, kuma hannun ɗan koyo ɗoki gare shi. Na ɓata kwana biyu ina samun hotunan da kunyar gyaɗa ta fito tas amma kan gawo ya narke, kafin in gane cewa abin ɗan taɓawa ne. Kuma gaskiya ita ce ido mai faɗin gani, in an tsuke ƙofarsa, ya kan fitar da kusan komai ba tare da an sunkuyar ba. Inda ya biya ni wahalata wuri ɗaya ne: hoton da na ɗauka dab da ƙasa, tulin taki a gaba har ana ganin ɓawon gyaɗa da toka a cikinsa, ga layin gamba, ga rumbuna uku can nesa, duk a fili.

Akwai wasu illolin da ba a faɗa wa mai saye. In an gusa ido sosai, hasken da ke faɗa wa sensa a karkace yake zuwa, sai gefe ɗaya ya yi duhu, wani lokaci ma launinsa ya sauya. Ɗan lanƙwasar da tsofaffin idanu masu faɗi ke yi wa layuka ba ta zama a tsakiyar hoto kuma, don haka gyaranta a kwamfuta sai da hannu. Sai kuma ƙura. Sensar kyamara marar madubi a buɗe take, adaftar kuma tana da gaɓoɓi masu motsi, ga hunturu ga iskar gonakin da aka girbe. Na koyi ɗaura komai a cikin ɗaki tun da asuba, ba na kuma kwancewa sai na dawo.

Wani abokina mai ɗaukar hoton biki a Kano ya yi mini dariya, ya ce duk wannan wahalar manhaja na yinta da danna maɓalli ɗaya. Ban ƙi tasa ba gaba ɗaya. Manhaja na miƙar da bango, amma ta hanyar jan saman hoton ta baza shi, ta yanke gefuna, kuma tsayin ginin a kan faɗinsa ya danganta da yadda mai gyaran ya ja. Ga hoton amarya ba komai. Ga hoton da ɗalibin zanen gine-gine zai aza ma'auni a kai, da sauran magana. Akwai ma hanyar da ta fi araha, kuma duk mai waya zai iya: a riƙe ta a miƙe ba ɗagawa, a ja da baya har ginin ya shiga, a yanke ƙasan hoton daga baya. Sakamakon ɗaya ne da na gusawa, illa dai an zubar da kusan rabin hoton, kuma sai inda akwai wurin ja da baya.

Shi ya sa nake ganin aikin bai fi ƙarfinmu ba. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, amma hankalin irin waɗannan masana ya fi karkata ga fadoji da masallatai da gidajen manya. Zauren manomi da rumbunsa ba su da mai auna su. Matasanmu da ke harkar fim da hoton biki suna da kyamarori marasa madubi a hannu, kuma daga waɗannan ƙauyuka da yawansu suka fito. Da sashen nazarin ƙasa da na zanen gine-gine a Jami'ar Bayero, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, za su tanadi adafta biyar ko goma su riƙa ba da aro, su sa sharaɗin a rubuta sunan gari da ranar ɗauka, a kuma jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin kowane bango, da cikin rani biyu an tara abin da jikokinmu za su yi godiya.

Na wanke hoto na biyu a babbar takarda na kai wa tsohon. Ya sa a kawo masa tabarau, ya bi gefen bangon da yatsa tun daga dakali har zanko, ya tsaya a wani wuri sama da ƙofa ya ce nan mahaifinsa ya sauya ƙasa, domin ta kududdufin farko ta ƙare, aka koma ɗebowa daga na bayan gari. Ban taɓa lura da wannan layin ba, ko da yake a ƙarƙashinsa na yi wasan ƙasa. An rushe zauren bayan daminar 2024. Hoton yana rataye a sabon ɗakin bulo, tsohon kuma ya aiko jikansa ya ce in zo da kyamarar kafin ruwa ya sauka, akwai rumbuna biyu na mahaifinsa da suka rage a wata unguwa ta hanyar Makoɗa.