Me masu bincike ke nema a unguwannin birnin Kano?

A jami'o'in duniya akwai masu nazarin rayuwa da lafiya da shugabanci a ƙananan tsibirai, inda kowa ya san kowa. A Kano, unguwar cikin ganuwa ce ta fi kusa da wannan yanayi, kuma masana sun daɗe suna shiga lungunanta.

A shekarun 1970, Enid Schildkrout daga Amurka ta yi bincike a Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna yadda matan kulle ke sana'a daga cikin gida, yara kuma su ne ƙafafunsu: su kai aike, su yi talla, su dawo da ciniki. Saboda haka, idan aka sa yarinya a makaranta, jarin uwarta ne ke girgiza. Duk mai son ilimin 'ya'ya mata ya kamata ya fara da wannan lissafi, ya nemo wa uwar mafita.

A fannin lafiya, darasin ya zo da zafi. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, aka dawo da shi a 2004. Daga baya, sai da aka bi ta hannun sarki, hakimai, dagatai da masu unguwanni sannan gidaje da dama suka buɗe ƙofa.

Abin da ya rage shi ne a riƙa mayar wa unguwannin sakamakon binciken da Hausa, domin yawancinsa yana cikin littattafan Turanci.